Ina Muryar Yaya Ta Shige?

Ni dai ban taɓa ganin abu mai rainin hankali irin kwamfutar Yaya ba. Ta gama aikinta tsaf, ta girka manhajar ba tare da ko tari ba. Na rubuta sunan manhajar don ta buɗe, sai ta ce min wai ba ta san wani abu mai wannan suna ba. Kai jama'a! Ke da kanki fa kika girka ta yanzun nan, ina zaune ina kallonki.

Na sake rubutawa a hankali, harafi bayan harafi, ko yatsana ne ya zame. Amsar dai ita ce. Na waiga na kalli Yaya a kan gado, shi ma ni yake kallo, gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga sama. Ko rantsuwa na yi ba zan yi kaffara ba, dariya yake min.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce autarsu, kuma da Auta kowa ke kirana har abokan aikina a kantin magani. Shi gyaran kwamfuta ne sana'arsa tun ina 'yar makaranta. Watannin baya hawan jini ya kayar da shi a shago, ya tashi da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu murus, na hagu yana ɗagawa amma rawa yake, ba ya riƙe biro, ba ya iya saita yatsa a kan ƙananan madannai. Magana kuwa ta tafi, sai wani gurnani daga maƙoshi. Mutumin da in ya fara surutu sai ka roƙe shi ya yi shiru, shi ne yau ba ya iya cewa a ba shi ruwa.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ita ke fama da shi dare da rana, ga aikinta na koyarwa. Ta rame har zobenta na zamewa. Ganin haka Baffanmu, ƙanin mahaifinmu, ya yanke cewa zai ɗauke Yaya ya kai shi gidansa da ke can bayan gari, inda akwai maza masu ƙarfin ɗaga shi da kwantar da shi. Ba mugunta ba ce, Baffa mutum ne mai zumunci. Sai dai ya riga ya sa a ransa cewa hankalin Yaya ya tafi tare da bakinsa, don haka ba wanda ya ga dalilin tambayarsa. A gabansa ake maganar, a kansa ma, kamar ana shawarar inda za a mayar da kabad. Ranar da nake ba ku labari ita ce ranar da Baffa zai zo da mota da yamma.

Ni kuwa ban yarda ba. Na san idon Yaya. Idon da ya yi shekaru yana kama ni in na taɓa masa kaya bai canja ba ko kaɗan.

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa motsa masa gaɓoɓi ce ta ba ni labarin manhajar. Haruffa ne ke fitowa a allo, haske na bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wanda mutum ke so sai ya danna maɓalli guda kawai. In jimla ta cika, na'ura ta faɗe ta da murya. Maɓalli guda ai Yaya zai iya, dogon nan na ƙasan madannai, ko da tafin hannu a buga shi. Matsalar ita ce wadda ake saukewa a shirye ba ta iya harshenmu ba. Mai iya shi sai dai ka sauko da ɗanyen rubutunta, ka sa kwamfutarka ta haɗa maka da kanta, kamar ka sayi yadi maimakon riga.

Ban tsorata ba, don na sha zama a bayan Yaya ina kallon yana yin irin wannan a baƙin allonsa, ina damunsa da tambaya har ya ce, "Auta, bakinki ba ya gajiya ne?" Cikin kayan da na sauko akwai bayanin yadda ake yi, umarni uku ne. Na farko ya duba ko kwamfutar na da duk abin da ake buƙata. Na biyu ya haɗa manhajar, rubutu ya yi ta zuba a allo har na je na dafa shayi na dawo bai gama ba. Na uku ya kwashi abin da aka haɗa ya kai kowane fayil mazauninsa. Shi ma ya zubo nasa rubutun. Ni kuma ba na son tarkace a gabana, ko a kanti ne ko a allo, sai na rufe tagar da rubutun ke zuba a cikinta gaba ɗaya na buɗe sabuwa fes. A daidai lokacin na ji Yaya ya yi wani gurnani mai ƙarfi, na ɗauka murna ce.

To, ina ta shiga? Abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Abu dai ba ya narkewa. In an ce an ajiye, to akwai wurin da aka ajiye.

Na fara da jerin manhajojin da ke gefen allo, na bi su tun daga sama har ƙasa, babu. Na ɗauko wayata na tambaya, aka ce akwai wata folda da irin waɗannan manhajoji suka saba sauka. Na je na buɗe, wayam, ko fayil ɗaya babu. Wannan ya ƙara ɗaure min kai. Mutumin da ya yi shekaru yana haɗa manhaja a kan wannan kwamfutar, a ce wurin da kowa ke ajiyewa nasa fanko ne? Ke nan ba tawa kaɗai ta ɓata ba. Duk abin da Yaya ya taɓa haɗawa akwai inda yake zuwa, kuma ba nan ba ne.

"Yaya, ina kake kai su?" na tambaye shi.

Ya ɗaga hannun hagu yana rawa, ya miƙa shi wajen bangon da ke kusa da ƙofa.

Na tashi na duba. Ba komai a wurin sai kabad ɗin kaya da kwandon wanki. Na ɗauko masa hula, ya kawar da kai. Na ɗauko tawul, ya rufe ido kamar na mare shi. Na nuna masa kwalbar ruwa, ya yi tsaki, wanda shi kaɗai ne sautin da ciwon ya bar masa lafiya lau. Wani abin haushin, mutumin da ya fi kowa sanin inda manhajar take yana kwance taku biyu daga inda nake, amma sai na samo ta kafin ya iya gaya min inda take.

Anti ta shigo da jakar da take haɗa masa kaya, ta tsaya tana kallon hannun. "Tun ɗazu nake jin gurnaninsa daga kicin. Me kike masa?"

"Ni me zan masa? Tambayarsa na yi."

"Auta, ki bar wahalar da shi don Allah. Kin ga Baffa na hanya." Ta faɗi haka tana ninke rigunansa, ba ta kalli kowa a cikinmu ba. Idonta ya kumbura, na san ba barci ba ne ya kumbura shi.

Na koma kujera. Na sa kwamfutar ta nemo min duk fayil mai sunan manhajar, ta kawo min tulin ɗanyen rubutun da na sauko da shi da kaina, shafi bayan shafi, har idona ya fara yaji. Ko abin da nake nema na ciki, ba zan gane shi a wannan cunkoson ba.

Ina cikin haka na ji tsayuwar mota. Baffa ya yi sallama da muryarsa mai cika gida, ya shigo ɗakin da makulli a hannu, ya dafa goshin Yaya ya yi masa addu'a. Na durƙusa na gaishe shi.

"Auta, ke kuma wasan me kike da na'urar mara lafiya?"

Na yi masa bayani iya iyawata. Ya saurara da haƙuri irin na wanda ya riga ya gama shawara. Yaya kuwa da ya ga Baffa sai ya ƙara ƙaimi, hannun ya miƙe wajen bangon nan, gurnanin ya ƙaru, har gumi ya feso masa.

Baffa ya bi hannun da kallo, ya ga ƙofa. Ya sunkuya ya ce da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma, "Fita kake so? Fita daga ɗakin nan?"

Yaya ya gyaɗa kai. Wallahi ya gyaɗa, har sau biyu.

"To kun gani," in ji Baffa, yana juyowa wajenmu. "Shi kansa ya gaji da wurin nan. A ƙarasa haɗa kayan."

Anti ta juya baya ta ci gaba da cusa kaya a jaka. Na kalli Yaya, na ga ya rufe ido ya saki hannun ya faɗo kan katifa. Tsoro ya kama ni sosai, don a karon farko na fara tunanin ko ni ce ke yaudarar kaina.

"Baffa, a ɗan ƙara min lokaci kaɗan," na ce. "Kafin a sha ruwa a huta."

"Ruwan zan sha dai. In na gama sai tafiya, ba na son tuƙi da duhu."

Ya fita falo, Anti ta bi shi. Na zauna na zuba wa allon ido, raina na tafasa. Sai wani abu na wurin aikinmu ya faɗo min. A kanti, in aka kawo sabon kaya wani ya jefa shi inda ba nan ne wurinsa ba, ba ma tsayawa karanta sunan kowane kwali. Kwalin da ba ƙura a kansa muke nema. Na tambayi wayata ko ana iya sa kwamfuta ta nuna fayilolin da aka ƙirƙira ɗazu-ɗazu kawai, ko mene ne sunansu, ko ina suke. Ashe ana iyawa. Na kwafi umarnin a tsanake, na danna.

Ta yi shiru tana nema, har na ɗauka ta sume. Can sai layuka suka fara fitowa. Na farko-farkon na san su, na wurin da na yi haɗin ne. Daga nan wasu suka biyo, da yawa, kuma duk adireshinsu iri ɗaya ya fara. Ga sunan manhajar nan ɓaro-ɓaro a ƙarshen ɗaya daga ciki. Na bi adireshin da yatsa. A tsakiyarsa akwai kalma ɗaya da ba ta Turanci ba: falo.

Na buɗe foldar. Manhajata na ciki, ga kuma wasu birjik da Yaya ya haɗa tun shekarun baya. A gefensu ga finafinan da Anti ke kallo a talabijin ɗin falo, ga hotunan da ke yawo a allon talabijin ɗin in an bar shi ba a taɓa ba. To me ya kawo kayan talabijin cikin kwamfutar ɗakin kwana? Na danna manhajar. Ta buɗe kam, haruffa suka jeru, sai dai ta rubuta a ƙasa cewa ba ta sami lasifika ba. Gaskiyarta, Yaya ya cire wa wannan kwamfutar lasifika tuntuni don kada ta riƙa tada Anti daga barci.

Na leƙa bayan teburin. Wayoyi ne cunkus, amma akwai wata toka-toka mai kauri da ta fita daban. Na durƙusa na bi ta da hannu. Ta bi gindin bango, ta wuce ƙarƙashin kwandon wanki, ta shige bayan kabad. Na sa kafaɗa na tura kabad ɗin. Ga rami nan a bango, ɗan ƙarami, wayar ta shige ciki ta ɓace. Na tuna shi sarai, don ranar da Yaya ya huda shi sai da Anti ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Na ɗago na kalli inda ramin yake, na kalli gado. Daidai nan hannun ke nunawa tun ɗazu.

"Yaya! Ƙaramin akwatin bayan talabijin?"

Ya buɗe ido. Ya yi wani dogon tsaki, irin wanda yake min tun ina yarinya in na daɗe ban gane lissafi ba.

Ashe haka yake aikinsa. Akwatin falo ƙaramar kwamfuta ce mara ƙarfi, in aka ce ta haɗa manhaja sai ta wuni. Shi ya sa yake haɗawa a babbar ta ɗaki, ya kuma saita ta yadda duk abin da aka girka zai bi waya ya sauka can. Ni na yi aikin a nan, kayan suka tsallake bango suka tafi falo. Da ban rufe tagar nan ba ma, da adireshin na gabana tun farko.

Na leƙa falo na ce, "Baffa, gaskiya ne fita yake so. Amma nan zai zo."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taɓa zama a falonsa ba, don keken guragunsa ba ya wuce ƙofar sai an karkata shi. Baffa ya yi gunaguni, amma shi ya kama Yaya ta sama, ni da Anti muka kama ƙafafu, muka zaunar da shi a keken, muka kankare fentin ƙofa muka fito. Na kunna talabijin, na lalubo manhajar a akwatin, na ɗora madannan a kan cinyar Yaya, na sa tafin hannunsa a kan dogon maɓallin.

Haske ya fara bin haruffa. Ya wuce zagaye ɗaya bai danna ba. Baffa ya kalli agogo. A zagaye na biyu hannun ya sauka, tim. Harafi ya fito a sama. Sai wani. Ya yi kuskure, ya goge da kansa, ya sake. Ba wanda ya yi motsi a falon. Da ya gama, wata murya ta fito daga lasifikar talabijin, muryar mace ce ma, mai magana ta hanci:

"Auta wa ya ce ki rufe taga."

Na fashe da dariya da kuka a haɗe. Watanni mutum bai yi magana ba, da ya samu baki kuma faɗa ya fara yi min! Baffa ya yi salati, ya nemi hannun kujera ya zauna. Anti ta toshe baki da mayafinta.

Hannun ya ci gaba da sauka. Wannan karon ya fi sauri, ya fara gane tafiyar hasken.

"Baffa na gode. Ba ni zuwa. Nan ne gidana."

Baffa ya daɗe yana kallon makullin da ke hannunsa. Muryarsa ta yi ƙasa, ta daina irin ta yi wa kurma magana. "Ashe duk kana jinmu, ɗana?"

"Duka."

Kunya ta rufe mu gaba ɗaya. Ni kaina na shiga lissafin abin da na taɓa faɗa a ɗakin nan ina ganin ba komai. Baffa ya share fuska da tafin hannu ya ce, "To a yafe mana. Amma yarinyar nan fa? Ka ga yadda ta koma. Don ita na zo, ba don na raba ka da gidanka ba."

Yaya ya juya kai da ƙyar ya kalli Anti. Ita ta kasa kallonsa, ta durƙusa a gefen keken ta riƙe ƙarfensa. Ya daɗe a kan wannan jimlar, gumi na bin wuyansa, sau biyu hannun na zamewa daga maɓallin ina mayar masa.

"Na ji ranar da kika ce kin gaji. Ba laifi ba ne. Ni ma da na gaji."

Anti ta kifa kai a gwiwarsa ta saki kukan da ta yi watanni tana haɗiyewa. Ya ɗaga hannun daga maɓallin, yana rawa, ya ɗora shi a kanta. Hasken ya yi ta zagaya haruffa ba mai danna shi.

Da ta lafa, ya mayar da hannun ya ƙara ɗaya.

"Ki je ki yi barci. Auta za ta kwana nan. Ba ta da aikin yi sai tambaya."

"Ka ji min mutum!" na ce. "Daga samun baki sai rabon aiki?"

Baffa ya yi dariya har da tari, ya zura makullin a aljihu, ya ce gobe zai turo mai gyara ya faɗaɗa ƙofar ɗakin, kuma yaransa za su riƙa zuwa ɗaga Yaya safe da yamma. Ni kuma na shiga ɗaki na zazzage jakar nan, na mayar da rigunan Yaya cikin kabad.